A Taimaka Mana Mu San Abin da Motocinmu Ke Sha: Kira ga Mahukuntan Kebbi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu. Da shugabannin ofisoshin tarayya da ke Birnin Kebbi masu kula da harkar man fetur, da awo da ma'auni, da kiyaye haɗurra. Da iyayenmu Masu Martaba Sarkin Gwandu da Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

 

Ranku ya daɗe, na san ba a gidan gwamnatin Kebbi ake yanka farashin fetur ba, don haka ba zan ɓata muku lokaci da roƙon a rage shi ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yulin shekarar, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa dubu har ta ɗara. An yi wannan kuka har murya ta dishe. Nawa roƙon ƙarami ne, kuma yana cikin ikonku. Mu masu bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, direban haya da ma'aikaci mai 'yar motarsa, muna sayen mai da tsada amma ba mu san nawa ake zuba mana ba, ba mu san nawa motar ke sha ba, ba mu kuma san nawa ya kamata ta sha ba. A taimaka mana da ma'auni.

Ku aika wani ya zauna a tasha da hantsi, lokacin da lodi ya yi sanyi direbobi suka taru ƙarƙashin rumfa, ya tambaye su shan man motocinsu. Ba wanda zai ce masa lita kaza a kilomita kaza. Wani zai bugi ƙirji ya ce, "Motag ga ba ta shan mai, na dubu kaza shina kai ni Argungu in dawo." Wani ya ce tasa tun da aka taɓa mata inji ta koma zuƙa. Mai Golf ya yi wa mai Sharon dariya, mai Sharon ya ce ai shi kujerunsa sun fi yawa. Duk lissafin da naira ake yinsa, naira kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Man dubu goma na bara ba shi ne na bana ba, na wannan gidan mai ba shi ne na wancan ba. Sai ya zamana abin da direba ke kira "daidai" shi ne kawai abin da ya saba da shi, ko abin da ya ji maƙwabcinsa na layi yana faɗa. In motar ta fara cin amanarsa a hankali, ba zai gane ba, farashi zai ɗora wa laifi.

Lokacin da lita take naira 185, wannan rashin sani bai cika ciwo ba. Yanzu shi ne ke raba direba da abincin gidansa. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne, zuwa da dawowa ɗari. A ƙaddara mota tana yin kilomita 10 da lita ɗaya: lita 10 ke nan ta isa sawu guda. In ta lalace ta koma kilomita 7, sai ta ci sama da lita 14. A ƙaddara lita naira 900, bambancin ya kai naira 3,600 a kowane sawu. Mai yin sawu biyu a rana, kwana 26 a wata, ya yi asarar sama da naira 187,000. Mai Girma Gwamna, wanda ya fito daga cikin 'yan ƙwadago ya kuma sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a 2024, ya fi kowa sanin nauyin wannan adadi, wanda ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci sau biyu da ɗoriya. Kuma ba direba ke ɗaukarsa shi kaɗai ba. Bayan ya cire balas na mai mota da kuɗin ƙungiya da na ɗan kamasho, ragowar yana kan fasinja, a ƙarin kuɗin mota ko a cusa mutum biyu a kujerar gaba da huɗu a baya.

Farkon inda nake roƙon a sa ido shi ne bakin famfo. Matar da ta je kasuwa sayen shinkafa tana ganin kwanon da ake auna mata, tana iya juya shi ta duba ko an bubbuga gindinsa. Mai sayen fetur kuwa lambobi kawai yake gani suna gudu a gilashi, man ya bi tiyo ya shige tanki. Ni kaina na taɓa zuwa wani gidan mai da jarkar da na san cikinta, na biya kuɗin lita goma, man ya tsaya ƙasa da zanen da yatsu biyu. Da na yi magana sai yaron ya ce jarkar ce ta kumbura saboda rana. Ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi, bayana kuma layi ne ana ta matsa oda. Ba na cewa duk gidajen mai haka suke. Akwai masu tsoron Allah da direbobi suka sani, har suna tsallake uku su je na huɗu. To amma bai kamata gaskiyar lita ta zama sirrin da ake raɗawa a tasha ba.

Doka ta riga ta tanadi masu wannan aiki. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ta gaji aikin tsohuwar DPR na duba gidajen mai da rufe masu tauye awo. Akwai kuma sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya. Muna jin labarin samame a rediyo jefi-jefi, muna kuma yabawa. Abin da muke roƙo shi ne a mayar da shi aikin yau da kullum da talaka zai gani da idonsa. Kowane famfo a manna masa takarda mai ɗauke da ranar da aka auna shi da ranar da za a sake, da lambar wayar kai ƙara, da boko da ajami. Kowane gidan mai ya ajiye gwangwanin awo mai hatimin hukuma, wanda mai saye ke da haƙƙin cewa a gwada a gabansa ba tare da an ɗauke shi ɗan neman fitina ba. A ba reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW na Birnin Kebbi da na Argungu irin wannan gwangwani su ma. Wanda aka kama a faɗi sunansa a rediyo, wanda aka samu da gaskiya shi ma a faɗa, don ciniki ya bi shi. Iyayenmu sarakuna suna da bakin da 'yan kasuwa ke jin nauyinsa, limamanmu kuma ba su rasa abin faɗa a kan tauye mudu ranar Juma'a.

A haɗa da duba ingancin man kansa. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata injina a ƙasar nan. Mu nan a ƙarshen layi muke. Matatar Kaduna ta daɗe ba ta tace komai, bututun da ke kai mai ma'ajiyar Gusau ya zama tarihi, don haka tanka ce ke ɗauko shi tun daga kudu, kwana da kwanaki a hanya, hannaye da yawa suna taɓa shi. Wanda ya ƙare a galan ɗin 'yan bumburutu kuwa Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa.

Amma ko an gyara kowane famfo a jihar nan, rabin ɓarnar na nan a gareji, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin ba a cika maganarsa ba. Motocin da ke hanyar nan tsofaffi ne. Golf 3 da ake ji da ita a tasha an ƙera ta ne a shekarun 1990. Akasarinsu sai da suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana, da yawa ta Kwatano. Duk da tsufansu, mafi yawa ba na kafireta ba ne irin Fijo 504 da iyayenmu suka sani. Injekta ne, kwamfuta ce a ciki ke ƙayyade ɗigon man da za a fesa, tana dogaro da 'yan na'urori masu gaya mata zafin inji da yawan iska da yanayin hayaƙi. Bakanikenmu kuwa, wanda ya koyi aiki a hannun maigidansa da kunne da hannu, da waɗannan na'urori yake fara faɗa.

Ga abin da kusan kowace mota ke fuskanta ranar da ta shigo gari. A ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a zare shi a jefar. A haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama juyawa ba tsayawa. Mai mota ya ga allurar zafi tana kwance ƙasa, ransa ya yi fari, ya ce motarsa ba ta zafi. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Muddin bai kai can ba, kwamfutar tana ɗauka yanzu aka tayar da shi, sai ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yadda take yi da sassafe. Da sanyin hunturu, a hanya miƙaƙƙiya irin tamu, mota na iya barin Gwadangaji ta wuce Ambursa ta isa Argungu injin bai ɗumama yadda ya kamata ba. Filogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen mai, baƙin mai ya tsinke. Na san hujjar bakanike, kuma ba ta wofi ba ce: a watan Afrilu zafin Kebbi yana wuce digiri 40, ya kuma ga injina sun ƙone. To amma abin da ke ƙona su galibi lagireto ne da ya toshe da dattin ruwan rijiya, ko murfinsa da ya saki, ko fankar da ta mutu. A bar cutar a yanke lafiyayyen wuri.

Haka ake yi wa abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda ake kira indomi. Akwai masu sayensa da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, sai a lallaɓi mai mota a ce shi ke danne masa wuta, a fasa a kwashe, a bar na'urar da ke karanta hayaƙin tana lilo ko a yanke wayarta. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a ce masa kada ya damu, duk motoci haka suke. Wani ma ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi da dare. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, a shawarwarin da take bai wa masu motoci, ta ce gyara babbar matsala irin ta lalacewar wannan na'ura na iya inganta tafiyar mai da kusan kashi 40 cikin ɗari. A can ke nan, inda lita ba ta cinye rabin abin da mutum ya samu a yini.

Ban zo in ci mutuncin bakanikai ba. Da ba don su ba da rabin motocin nan sun zama turken awaki. Mutanen da ke tayar da injin da mai ƙera shi ya yanke masa ƙauna shekara ashirin da suka wuce ba su rasa basira ba, kayan aiki da horo suka rasa. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Roƙona shi ne gwamnati ta haɗa su da ƙungiyar bakanikai a shirya horo na 'yan makonni, da Hausa, a cikin garejin kansa ba a zauren otal ba, a kuma ba kowane rukunin gareji na'urar da ake jonawa a mota ta karanto abin da ke damunta. Ƙaramar irinta ba ta kai kuɗin cika tanki ɗaya ba. A cikin kayan tallafin sana'a da ake rabawa, wannan zai fi wasu daɗewa yana amfani.

Daga nan sai masu faci. Yawancinsu babban yatsa ne ma'auninsu, ko su ƙwanƙwasa taya da ƙarfe su saurari ƙara. Mai geji kuma sau da yawa gejin ya daɗe da mutuwa. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai, mai yawan iska kuma tana fashewa a kwalta mai zafi da mutane a ciki. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, mutane ƙalilan ne suka taɓa duba shi. Jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar motoci, da ke tsayar da mu suna neman takardu, da za su riƙe geji mai kyau su duba taya kyauta su nuna wa direba wannan rubutu, da an fi murnar ganinsu. Haka zancen gudu: da mota ta wuce kilomita 80 a awa shan manta ke hauhawa, don haka mai taka totur har ƙasa don ya riga ɗan'uwansa layi yana ƙona ribar sawun da yake gaggawar samu. Tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra take tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu da hujjar tsare rai. A ƙara da hujjar aljihu, za a ga ta fi saurin shiga kunne. Buhunan shinkafa da ake ɗaurawa a but har murfi ya kasa rufuwa, da na saman rufi, su ma ba kyauta suke tafiya ba.

Akwai kason da ke wuyan hukuma kai tsaye. Kowane rami, kowane tudun rage gudu da mutanen ƙauye suka gina da kansu ba bisa ƙa'ida ba, kowane shinge, yana nufin burki da komawa giya ta ɗaya da sake ɗaukar wuta, kuma a nan mota ta fi sha. Mun san halin tsaro, mun san muna kusa da iyakar Nijar da Benin, ba mu ce a ɗauke jami'ai ba. A dai duba inda shingaye suka yi kusa da juna a haɗe su wuri guda, a kuma riƙa cike ramuka tun suna ƙanana bayan kowace damina.

Na ji ana cewa mafita ita ce a koma iskar gas ta CNG, kamar yadda shirin fadar shugaban ƙasa na 2023 ya tsara. Allah ya kawo ta lafiya. Sai dai bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta zai bi ta Abuja da Kaduna ne ya tsaya Kano, mu kuwa muna nesa da shi. Kafin gas ya wadata a nan yadda direban Argungu zai dogara da shi, fetur ɗin nan za mu ci gaba da ƙonawa shekaru, a cikin motocin nan da muke da su.

Babban abin da nake roƙo, wanda sauran duka ke rataye a kansa, bai fi aikin wata guda ba. Hanyar gane shan mai sananniya ce: a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar tafiya, a yi tafiyar, a dawo famfon nan a sake cikawa, a raba kilomita da litar da ta shiga. Direban haya ba ya iya yin wannan. Tankin Golf ya haura lita 50, shi kuwa na dubu biyar-biyar yake saye daga kuɗin fasinjan da ya ɗauka yanzu, kullum allura na kan ja. Agogon tafiyar motoci da yawa ya mutu, na waɗanda suka zo daga Amurka kuma da mil yake ƙirga, direba bai san mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi ba. To gwamnati ta ɗauki nauyin gwajin. A zaɓi motoci daga kowane iri da ke layin, Golf da Sharon da Corolla da Sienna da bas, a gwada su a wannan hanya da lodinsu na gaskiya, malaman kwaleji da ɗalibansu su riƙe alƙalami, wakilan ƙungiya su shaida. Sannan a gyara wasu daga ciki, a mayar da tamostat, a canza filogi da na'urar hayaƙi, a daidaita taya, a sake gwadawa. Alƙaluman masu ƙera motoci suna nuna Corolla ta tsakiyar shekarun 2000 tana yin kimanin kilomita 12 da lita, Sienna mai silinda shida kimanin 8, amma wannan na sabuwar mota ne a titin Amurka. Mu namu muke so, na zafinmu da ƙurarmu da lodinmu.

A rubuta sakamakon da manyan baƙaƙe a allo a tashoshin garuruwan biyu, a karanta shi a Rediyon Jihar Kebbi. Daga ranar, direba zai san ko motarsa lafiya take. Mai mota da direbansa za su daina zargin juna a kan kuɗin mai, rigimar da ta raba mutane da yawa da abincinsu. Mai sayen mota zai san abin da zai tambayi dillali. In ƙungiya ta zo ƙara kuɗin mota, ko gwamnati ta nemi a rage bayan farashi ya sauka, akwai lissafin da za a zauna a kansa. Ina ma a ce a fara da motocin gwamnati, a buɗe wa kowace littafin tafiya da na mai. Ina kyautata zaton ma'ajin jiha zai fi kowa farin ciki da abin da za a gano.

Kada a manta da fadama. Jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a Nuwamban 2015, mai manyan injinan casa irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, noman raninta a kan ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur yake tsaye. Manomin Zauro ko Gulma da ke ɗaukar jarka a bayan kabu-kabu, shi ma famfon nan yake zuwa, shi ma bai san lita nawa injinsa ya kamata ya sha a awa ba. In za a yi gwajin, a sa injinan nan a ciki, kuma a yi shi kafin a shiga ban ruwa gadan-gadan, lokacin da buƙatar mai ta fi yawa a kwarin Rima.

Ina roƙon Mai Girma Gwamna ya umarci ma'aikatar da ke kula da sufuri ta kira zama da NMDPRA da sashen awo da ma'auni da ƙungiyoyin direbobi da bakanikai da dillalan mai, a sa ranar fara aikin, a kuma sanar da ita ga jama'a.

Allah ya taimaki shugabanninmu, ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, ya zaunar da Jihar Kebbi lafiya.

Wassalam. Naku mai biyayya, ɗaya daga cikin masu bin hanyar Argungu.